Ganin da Ke Girgiza Matafiyi: A Ido Yake ko a Zuci?

Duk shekara, da zarar jiragen alhazai sun fara sauka a Kano, Sakkwato da Yamai, gidaje kan cika da 'yan sannu da zuwa. A shimfiɗa tabarma a zaure, a zagaya da dabino da ɗan kofin ruwan Zamzam, a raba carbi da hula da kwalli. Bayan addu'ar "Allah ya sa karɓaɓɓe ne", akwai tambayar da ba a rasa mai yin ta: "Alhaji, me ya fi tsaya maka a rai?" Amsar takan zo kusan iri ɗaya daga bakin attajiri da manomi, tsohuwa da matashi. Lokacin da suka ɗaga kai suka yi ido biyu da ɗakin Ka'aba karon farko. Wani ya ce gwiwoyinsa ne suka yi sanyi. Wata ta ce duk addu'o'in da ta tanada sun gudu daga kanta, sai hawaye kawai.

A daidai wurin da suke tsaye, akwai wani gini da ya fi Ka'aba girma nesa ba kusa ba. Hasumiyar agogon Makka, wadda aka buɗe a 2012, tsawonta mita 601 ne, faɗin fuskar agogonta kuwa mita 43. Ɗakin Ka'aba bai wuce mita 15 ba. Sai an ɗora irinsa kusan arba'in, ɗaya kan ɗaya, kafin a kai ƙololuwar hasumiyar. Alhazai suna ɗaukar hotonta, suna yaba aikin da aka yi, amma da wuya a ji wanda ya ce ita ce ta sa shi kuka.

Wannan ya buɗe wata tambaya da malaman addini da masu falsafa suka daɗe suna juyawa. Abin da ke tayar da tsigar jikin matafiyi, ya kuma zauna masa a rai har tsufa, yana cikin abin da ya gani ne, ko yana cikin shi mai ganin?

Idan aka bi tarihin ginin Ka'aba, za a ga cewa duwatsunsa ba su ne sirrin ba. An sha rushe shi ana sake ginawa. Ƙuraishawa sun gina shi kafin aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abdullahi ɗan Zubairu ya sake gina shi bayan ya yi gobara a 683, Hajjaju ɗan Yusufu ya canza fasalin bayan shekara goma, sannan aka sake ɗaga bangonsa a zamanin Sarkin Usmaniyya ta Turkawa, Murad na Huɗu, bayan wata ambaliya ta rushe shi wajen 1630. Hatta Hajarul Aswad, Ƙaramiɗawa sun ɓamɓare shi a 930 suka tafi da shi gabashin Larabawa, bai dawo ba sai bayan fiye da shekara ashirin, kuma alƙibla ba ta canza ba. Tun farko Sayyidina Umar ya riga ya warware zancen, a ranar da ya sumbaci dutsen ya kuma bayyana cewa ya san dutse ne da ba ya amfanarwa ba ya cutarwa, yana yi ne don ya ga Annabi ya yi. Garin ma kansa ba wurin shaƙatawar ido ba ne. Alƙur'ani, a cikin addu'ar Annabi Ibrahim, ya siffanta shi da kwarin da ba a noma a cikinsa.

Amsa ta farko tana kan hanya. Ibn Jubair, magatakardan gwamnan Garnaɗa a Andalus, ya bar gida a farkon 1183. Ya ratsa Bahar Rum, ya hau Kogin Nilu, ya keta hamada zuwa tashar Aizab, sannan ya shiga ɗaya daga jiragen Bahar Maliya na wancan zamani, waɗanda ake ɗinke katakonsu da igiyar kwakwa ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. Masu jiragen, saboda kwaɗayin kuɗi, sukan cusa mahajjata har babu wurin miƙe ƙafa. Iska ta yi ta wasa da su fiye da mako guda kafin su ga Jidda. Da ya zo ba da labarin isarsa Makka a watan Agusta na shekarar, abin da ya riƙe shi ne tafiyar dare cikin farin wata, muryoyi na tashi da talbiyya ta kowane ɓangare. Wata shida na fargaba da ƙishi suna cikin idon da ya kalli Ɗakin a ranar.

Kakannin Hausawa sun san wannan fiye da kowa. Kafin jirgin sama, mai niyyar Hajji kan yi sallama da dangi kamar ba zai dawo ba, ya kama hanyar gabas: Barno, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeche, Janaina, Fashir, Ubayyid, har gaɓar teku a Sawakin ko Port Sudan. Guzuri kan ƙare a hanya. Sai a yada zango a yi ƙodago, a yi noma, a tsinci auduga a gonakin Jazira da suka bunƙasa bayan kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, a tara abin da zai kai mutum zango na gaba. Tafiyar kan ci shekaru. Wasu sun haihu a hanya, wasu sun binne 'ya'yansu a hanya, da yawa kuma suka zauna a Sudan, inda jikokinsu suke har yau a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ruwan randa ɗaya ne, amma ɗanɗanonsa a bakin mai azumi da magariba daban yake da na wanda ya sha da hantsi.

Akwai misali daga hamadar Nijar da ke ƙarfafa wannan. Ayarin gishiri da ke tashi daga yankin Agadas zuwa Fashi da Bilma sun daɗe suna yada zango kusa da wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tilo a tsakiyar Tenere. 'Yar gajeruwa ce, da a dajin Falgore take, ko kallo ba za ta samu ba. Amma bayan kwanaki ana tafiya cikin yashi babu ko tsiro, ganinta daga nesa kan zama abin da madugai ke ba jikokinsu labari. Ba a sare ta don itacen wuta, har taswirori suka riƙa nuna ta ita kaɗai. Wani direban babbar mota ya banke ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Sai dai wahalar hanya ba ta isa ta zama cikakkiyar amsa ba. Alhajin yau yana tashi daga Kano ya sauka Jidda cikin kimanin awa biyar, yana zaune ana kawo masa abinci, amma kukansa bai gaza na kakansa ba. Dalili shi ne tafiyarsa ba a filin jirgi ta fara ba. Tun yana ɗan shekara bakwai aka tsayar da shi aka nuna masa gabas. Sau biyar a rana yana fuskantar wurin da bai taɓa gani ba. A wannan fuska aka yanka ragon sunansa, a ita aka kwantar da mahaifinsa a kabari. Wata hajiyar kuma shekara goma ta yi tana zubin adashi da kuɗin ƙuli-ƙuli. Ranar da aka isa, abin da aka yi shekara hamsin ana fuskanta a gaibi ya bayyana a fili. Hasumiyar agogo ba ta da wannan tarihi a zuciyar kowa.

To, ina batun wuraren da matafiyi bai taɓa yin begensu ba, amma suka girgiza shi? Wanda ya tsaya gaban magangarar ruwa ta Mosi-oa-Tunya a kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, inda Kogin Zambezi mai faɗin fiye da mita 1,700 ke rikitowa ƙasa mita ɗari da 'yan kai, bai yi shekaru yana fuskantarta ba. Haka wanda ya fara ganin teku, ko ya kwana a buɗaɗɗiyar hamada taurari suka rufe shi.

Masanin falsafar Jamus Immanuel Kant ya yi dogon nazari a kan wannan a littafinsa na 1790. Ya raba abu mai kyau da abu mai kwarjini. Fure yana da kyau, yana sanyaya rai. Tsauni mai tsayi, guguwa da tumbatsar teku kuwa kwarjini gare su, suna haɗa tsoro da daɗi a lokaci guda, muddin mai kallo yana tsaye a inda ba za su halaka shi ba. A 2003 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Dacher Keltner da Jonathan Haidt, suka ce wannan yanayi yana da ginshiƙai biyu: mutum ya ga abin da ya fi ƙarfin ma'auninsa, sannan ya ji dole sai ya sake tsara tunaninsa kafin abin ya shige shi. Wani gwaji da Paul Piff da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya kai zancen ga hali. A harabar jami'ar Berkeley aka sa wasu ɗalibai su ɗaga kai su kalli dogayen itatuwan turare na minti ɗaya, wasu kuma su kalli dogon gini. Daga nan mai gwajin ya yi kamar tuntuɓe, ya zubar da birurrukan da ke hannunsa. Waɗanda suka kalli itatuwa sun fi tsince masa. Ƙaramin gwaji ne, amma abin da ya nuna ya dace da abin da matafiya suka daɗe suna faɗa: wanda ya ji ƙanƙantarsa yakan fi ganin na kusa da shi.

Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya, Musulmi na farko da ya je sararin samaniya, ya kwana bakwai cikin kumbon Discovery a watan Yuni na 1985. Ya ba da labarin cewa a kwanakin farko kowane ɗan sama jannati ƙasarsa yake nunawa ta taga, daga baya suka koma nuna nahiyoyi, kafin tafiyar ta ƙare kuwa duniya ɗaya kawai suke gani.

A nan ne hanyar Kant da ta mai imani suke rabuwa. A wurin Kant, ƙarshen abin shi ne mutum ya gane cewa hankalinsa, wanda ya iya tunanin abin da ba shi da iyaka, ya fi tsaunin daraja. Kallon ya fara daga tsauni ya ƙare a kan mutum. Alƙur'ani kuwa yana tura kallon gaba, daga abin halitta zuwa Mahalicci. Suratul Gashiya ta kira mutane su dubi abu huɗu: raƙumi, sama, duwatsu da ƙasa. Waɗannan su ne abin da Balarabe matafiyi ke gani kullum, na ƙarƙashinsa, na samansa, na gefensa da na gabansa. Ba a ce sai ya je wata ƙasa mai nisa ba. Suratu Yusuf ta koka da yawan alamomin da mutane ke wucewa ta kansu ba tare da sun waiwaya ba, Suratul Hajji kuma, a ayar da ta yi zancen tafiya a bayan ƙasa, ta mayar da makanta ta gaskiya ga zuciya. Ma'anar ita ce mutum biyu za su iya tsayawa gaban abu ɗaya, ɗaya ya dawo da tasbihi, ɗaya ya dawo da labarin tsadar otal.

Akwai nau'in gani na uku, wanda ya fi nauyi: kufai. Ibn Baɗuɗa, wanda ya bar Tanja a 1325 yana ɗan shekara 21 ya yi kusan shekara talatin yana yawo, ya ziyarci shahararriyar hasumiyar Iskandariya da ke haska wa jiragen ruwa hanya a 1326, ya tarar gefe ɗaya ya zube. Da ya sake biyowa a 1349, ta lalace har ba a iya kaiwa ƙofarta. Ginin da ya tsaya fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar ya ƙarasa mutuwa tsakanin ziyara biyu na mutum ɗaya.

A hanyarsa daga Dimashƙa zuwa Madina ya bi ta Hijir, wurin da ake kira Mada'in Salih, inda aka sassaƙa ɗakuna cikin jajayen duwatsu. Masu binciken kayan tarihi sun danganta kaburburan da ake gani a yau, fiye da ɗari, ga Nabaɗawa na wajen ƙarni na farko, yayin da Musulmi suka san yankin a matsayin ƙasar Samudawa, mutanen Annabi Salihu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halaka sai dai suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta wucewa, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo aka ba raƙuma ƙullun da aka kwaɓa da shi. A 2008 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Saudiyya, yanzu kuma masu yawon buɗe ido suna tururuwa can. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin zuwa, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne ladabin kallon. Kufan mutanen da suka shuɗe wurin ɗaukar izina ne, wanda ya tsaya a cikinsa ana so ya tuna cewa masu ginin ma sun ɗauka za su dawwama.

Duk da haka, wanda ya karanta labaran manyan matafiya zai lura cewa abin da ya fi daɗewa a ransu sau da yawa mutane ne. Ibn Baɗuɗa ya siffanta masallacin Banu Umayya na Dimashƙa filla-filla, amma a gefensa ya ajiye wani ɗan ƙaramin labari. Yana tafiya a wani lungu sai ya ga wani yaro bawa ya saki farantin tangaran ya fashe. Mutane suka taru. Wani daga cikinsu ya ce wa yaron ya tattara gutsattsarin ya bi shi wurin mai kula da wakafin kwanuka. Aka kai shi, aka ba shi kuɗin sayen irinsa, ya tsira daga duka ko faɗan ubangidansa. Birnin da wani ya zauna ya yi tunanin hawayen yaron da zai fasa faranti, har ya ware dukiya dominsa, ya burge matafiyin kamar yadda ginin masallacin ya burge shi. Da ya je daular Mali a 1352, ya ga garin Tagaza da aka gina gidajensa da masallacinsa da gishiri, ya ga dorina a kogi har ya zaci giwaye ne. Amma abin da ya yaba da babbar murya shi ne amincin hanya, da ƙin zalunci, da cikar masallaci ranar Juma'a, har sai mutum ya aiki yaronsa da dadduma tun da wuri ya kama masa wuri.

Malcolm X ya yi Hajji a watan Afrilun 1964, wata guda bayan ya bar ƙungiyar Nation of Islam, wadda ta koya masa cewa farar fata shaiɗan ne. A wasiƙar da ya aika gida, abin da ya cika masa ido shi ne ya ci abinci a kwano ɗaya, ya sha a kofi ɗaya, ya kwanta a shimfiɗa ɗaya da Musulmi masu shuɗin ido da gashi mai ruwan zinariya, ba tare da ya ga raini a fuskarsu ba. Ya faɗa a fili cewa abin ya tilasta masa sake tunani. Ya koma Amurka da wata magana daban, kuma a kanta yake har aka harbe shi ranar 21 ga Fabrairu, 1965. Filin Arfa, mai nisan kimanin kilomita 20 daga Makka, fili ne kawai da ɗan tudun duwatsu. Abin kallo a cikinsa shi ne mutum kusan miliyan biyu, mazansu cikin ƙyalle biyu farare, ba a bambance gwamna da direbansa. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya ce harami ya tuna wa mahajjaci likkafani, tsayuwar Arfa kuma ta tuna masa taron ƙiyama. An ga gaskiyar wannan ta wata fuska a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kwashe mutane daga filin ɗawafi. Ɗakin yana nan, rigarsa tana nan, amma hoton farin daɓe babu kowa ya sa mutane kuka a gaban talabijin daga Jakarta har Zariya.

Saboda haka amsar tambayar ba ta faɗa ɓangare ɗaya ba. Abin da ake gani yana da hakkinsa, domin ba kowane tudu ne Arfa ba, ba kowane rafi ne Zambezi ba. Amma ba ya buɗewa sai ga wanda ya zo da shiri: bege, ko sani, ko nutsuwar da za ta bar shi ya ji ƙanƙantarsa. Kuma ana gane ganin ya shiga ne ta abin da ya biyo baya. Gazali, wanda shi kansa ya ajiye babbar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095 ya kama tafiya, ya raba tafiya gida biyu, ta jiki da ta zuci, ya fifita ta biyun. Kiristoci ma suna da irin wannan gargaɗi. Mawaƙin Italiya Petrarca ya ba da labarin hawansa tsaunin Ventoux a kudancin Faransa a 1336. Da ya kai ƙololuwa ya buɗe littafin Agustin, limamin Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya faɗa kan wurin da yake zargin mutane da zuwa kallon tsaunuka da tekuna alhali sun manta da kawunansu. Ya sauko bai ce uffan ba.

Wannan gargaɗi ya fi dacewa da zamanin da kowa ke da kyamara a aljihu. A filin ɗawafi yau ana ganin mutum ya juya wa Ka'aba baya don ta fito a bayansa cikin hoto, ko yana ɗaga hannu kamar mai addu'a har sai an ɗauka. Hoton ba laifi ba ne a kan kansa. Tsohuwar da ke ƙauye, wadda ɗanta ya kira ta a bidiyo ya nuna mata Ɗakin, ta samu wani rabo da kakanninta ba su samu ba. Asarar tana wurin wanda ya ba wa waya kallon farko, domin kallon farko ba ya maimaituwa.

Malaman da ke yi wa maniyyata bita suna ƙoƙari wajen koyar da farillai da wajibai, da abin da ke jawo yanka. Ya kamata su ware zama guda don ladabin kallo: tarihin wuraren da za a gani, abin da ya faru a cikinsu, da abin da ake so mutum ya tuna idan ya tsaya a gabansu. Mai karatu da ke shirin tafiya bana, ko Makka ce, ko Kudus, ko dutsen Zuma da ke kan hanyar Abuja, ya karanta labarin wurin kafin ya tashi, ya bar wayarsa a aljihu minti goma na farko. Idan ya dawo kuma, ya fara da biyan bashin da ke kansa da neman ɗan'uwan da suka daina gaisawa.